Mai Laifin Man Giya

Kwafi uku Hedimasta ya yi na takardar ƙorafi kan taraktarsa: ɗaya na mai shagon man injina, ɗaya na shugaban ƙungiyar manoma, ɗaya na ajiya. Ya sa hannu da jan biro, ya ja layi biyu a ƙarƙashi kamar yadda ya saba shekara talatin da biyar kafin ya yi ritaya, sannan ya mayar da biron aljihun gaba.

Taraktar ta marigayi yayansa ce. Ta girmi duk 'ya'yan gidan, kuma ba ta taɓa kwana a gona ba sai da ta dawo hannunsa. Da ya ga hadari ya fara haɗuwa, ya je shagon Dogo mai sayar da man injina, ya ce a ba shi man giyar da ya dace da ita. Dogo ya kai hannu kan wata jarka, ya ɗago ya dubi mai sayen, sai ya janye ya ɗauko ta kusa da ita. Hedimasta ya duba marfi, ya karanta rubutun jikin jarkar, bai ga kuskure ko ɗaya ba.

A kwana na huɗu da zuba man, rana na tsaka, tarakta ta fara kuka kamar akuyar da aka manta a ɗaure. Kafin la'asar ta tsaya cak a tsakiyar kunya. Bakanike ya buɗe giyabos, wato akwatin giyar, ya tsoma yatsa, man ya ɗiga kamar ruwan shayi. Haƙoran giya biyu sun cinye.

"Wannan ai man ƙasar sanyi ne, Malam," in ji bakaniken. "Tsohon ƙarfe a zafin nan mai kauri yake so. Wannan da ya ji rana sai ya tsinke, ya bi kowace kafa ya tsiyaye."

Rabin gonar ba a huɗa ba, ga ruwa ya sauka sau biyu. Da wani ne, gyara zai fara nema. Hedimasta bincike ya fara. Ya bi masu tarakta shida gida-gida yana rubuta amsoshinsu. Duk wajen Dogo suke saye, kuma duk mai kauri yake ba su. Shi kaɗai aka zaɓa aka ba tsinkakke.

"Ka je ku yi magana ku biyu mana," in ji matarsa, "sai ka tara wa bawan Allah jama'a?"

"Ban taɓa gyara kuskure a bayan aji ba," ya ce, ya ɗauki hularsa.

Da hantsi ya isa shagon, shugaban ƙungiya a damansa, bakanike a hagunsa. Masu sayayya suka dakata. Dogo, ƙato mai furfura a gemu, ya miƙe zumbur, ya mayar da tafukan hannunsa bayansa. Hedimasta ya karanta takardar tun daga kwanan wata har ƙasa, yana tsayawa a kowane waƙafi. Buƙatunsa biyu ne: a gyara giyabos kafin sati ya ƙare, kuma a tsaya gaban 'yan ƙungiya a nemi afuwa da babbar murya.

"Malam, a bar maganar," Dogo ya ce a hankali. "Ni zan gyara."

"Ba sadaka na zo nema ba. Tushen ɓarnar nake nema. Kai da ka san mai kauri, wa ya ce maka tsinkakke ake zubawa? Kamfani ne? Dillali ne? Faɗi sunansa."

"Mutumin kirki ne, Malam."

"Jahili ne! Irin masu haddace littafin ƙasar ƙanƙara, alhali ba su taɓa ɗora hannu a kan ƙarfe da rana ba. Irinsu ne suka kashe noma."

Dogo ya dubi shugaba yana neman ceto. Shugaba ya dubi rufi. Hedimasta kuwa ya sa aka ƙara sakin layi a ƙasan takardar: duk wanda wannan shawara ta fito daga bakinsa, ko wane ne shi, ko ɗan wane ne, shi zai ɗauki gyaran, shi zai nemi afuwar. Ya sake sa hannu, ya sake jan layi biyu, ya sa shaidu suka dangwala.

"To, muna jinka," ya ce wa Dogo.

Dogo ya yi ajiyar zuciya. Ya durƙusa bayan kanta, ya daɗe yana lalube cikin wata tsohuwar akwati, ya fito da littafin rubutunsa na lokacin da yake ɗan makaranta, bangonsa ya yi baƙi da maiƙo. Ya buɗe wani shafi ya miƙa wa shugaba, ya koma ya ɓoye hannayensa.

Shugaba ya karanta a fili. Tambayar jarrabawar aikin gona ce: wane irin mai ake zuba wa giyar tarakta? An amsa da karkataccen rubutun yara: "Mai kauri, domin babana ya ce zafi yana tsinka mai." An soke amsar, an rubuta a ƙasanta: "Tsinkakke, kamar yadda littafi ya ce. Ba babanka ne yake koyarwa a ajin nan ba. Sifili. Bulala shida."

"Na faɗa muku!" Hedimasta ya buga kanta. "Wane azzalumin malami ne wannan?"

Shugaba ya ajiye littafin kusa da takardar ƙorafin, shaidu suka sunkuyo: jan biro ne, sa hannun iri ɗaya, har da layi biyun nan a ƙarƙashi.