Gangunan Kawu Anselme

Faranti na arba'in da biyu ma ya fito fes, ko ɗigon rai babu a kansa. Solène ta yi jifa da shi cikin kwandon shara.

Wata goma ke nan tana wannan wahala a birnin Orléans na ƙasar Faransa. A baki aikin da jami'a ta ba ta ba wuya: ta ɗebo ƙananan ƙwayoyin halittar da ke mayar da giyar inabi ruwan khal, ruwan tsamin nan na girki, a gangunan kawunta Anselme, ta rene su a faranti, ta gano yadda za su yi a sati guda abin da suke yi a wata. Ranar Juma'a malamanta za su zauna. In ba ta kai musu ƙwaya mai rai ba, digirin ya tafi.

Ta canja abincin ƙwayoyin, ta canja zafin ɗakin. Ta zargi ruwa, ta zargi kwalabe, daga baya ta koma zargin kanta, wanda ya fi duka ciwo. Khal ɗin wani maƙwabci da ta gwada, kwana biyu faranti ya cika. Na gidansu kuwa, gidan da ya shekara ɗari yana suna, shiru kake ji.

Kawun ne yake ɗebo mata da hannunsa. Al'adar gidan ke nan: ba mai leƙa ganga sai mai gida, don kada a girgiza uwar, wato yauƙin nan da ke kwance a saman ruwan yana aikin.

"Kawu, don Allah ka bar ni in ɗebo daga jikin uwar da kaina."

"Kakanki bai bar ni ba sai da na yi furfura. Sai ke, da farar rigarki ta jiya-jiya?"

"Juma'a fa za a kore ni!"

"To ki ƙara gwadawa mana," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ba kun ce ku masana ba ne?"

Haushi kamar ya kashe ta. Shi ya rubuto mata har sau uku ta zo ta yi binciken a gida, shi ne kuma ya tare ƙofa. Ɗakin gangunan nasa tsaf-tsaf, ko ƙananan ƙudajen da ke addabar kowane mai khal babu, ga tsohon sai tsiwa.

Ranar Laraba da hantsi ta ce abin ya ishe ta. Ta ɗauki ludayi ta sauka ɗakin ba sallama, a shirye take da faɗa.

Ta same shi a bayan ganga ta ƙarshe da mazurari a hannu, yana tsiyaya wa gangar khal daga jarkar roba ta kanti, irin wanda ake dafawa a kashe duk wani abu mai rai a ciki.

Bai ko ɓoye jarkar ba.

"Shekara huɗu ke nan da uwar ta mutu a hannuna, 'yata," ya ce. "Na yi ta fatan ko ƙwaya ɗaya ta rage, ki samo mini ita."