Tambarin Magini

Na rasa gona, na rasa ziyarar ɗana, amma gidan jan bulo yana nan tsaye, ina cikinsa.

Mijina Fermín bai cika wata uku a kabari ba, ɗanmu Aníbal ya kawo mini mutanen kamfanin waken soya. Rushe gidan za su yi, su shuka wajen.

"Mama, gidan nan ya ruɓe," in ji shi. "Tun ambaliyar shekarar da aka haife ni yake tangaɗi."

"Kai ne ka ruɓe. Sauke ƙafarka daga kujerar ubanka."

Gonar da sunan Aníbal take, ya sayar. Gidan ma rabi nasa ne, kuma alƙali na iya tilasta mini sayarwa. Mafita ɗaya ce: in hukumar kayan tarihi ta sa gidan a rajista, ba mai taɓa ko bulo guda.

Suka turo Delfina, wata siririya mai tabarau. Kwana huɗu tana shafa bangon gaba. Da hagu nake miƙa mata ƙoƙon shayin mate, damata na cikin aljihu. Ta ɗauka sanyi nake ji.

"Doña Eulogia, zo ki gani!" ta kira ni. Kowane bulo da dangwalen babban yatsa, tsage a tsakiya. "Tambarin maginin farko ne, shekara ɗari da hamsin! Sauran bangayen an shafe su da siminti. Wannan kaɗai ce hujjarmu. In ba na asali ba ne, babu rajista."

"Allah Ya ji ƙansa," na ce.

Hukuma ta yarda ta sallami Aníbal da kuɗin rabonsa, ta buɗe gidan ga masu ziyara. Saura ni. Mako uku muna ciniki. Suka ce za su ba ni gida a gari, na ce ni ba kaza ba ce da za a sa a akurki. Suka ce fansho, na tashi na ba kare abinci.

Ranar sa hannu, akawu ya turo mini tawadar dangwale, don kowa ya san karatuna bai yi nisa ba. Delfina na gefena, tana gyara tabarau.

Na matse babban yatsana a aljihu, mai tsohuwar tsagar wuƙa a tsakiya, wanda ya danna kowane bulon bangon gaba lokacin da ni da Fermín muka sake gina shi bayan ambaliya.

"Ga farashina," na ce. "Ɗakin girki nawa ne har in mutu. Kuma ɗauke tawadar nan, miƙo alƙalami."