Fetur a Gemun Baba

Tsohuwar a-kori-kurar Baba ta saba mutuwa a hanya, saboda tsatsar tanki tana toshe tiyon mai. Ranar da ta mutu mana a dajin Sabuwa da la'asar, harbin 'yan bindiga yana matsowa. Baba ya cire tiyon, ya kafa baki ya zuƙa, ya tofar, ya sake zuƙa. Na sauko in gani, ya kwaɗa mini marin da ya fasa mini leɓe.

"Koma ki kwanta cikin buhunan nan!"

Bai taɓa dukana ba sai ranar. Motar na tashi harsashi ya huda masa ciki, amma bai tsaya ba sai Faskari. Ko bayan an yi wa gawarsa wanka, gemunsa warin fetur yake. Har yau in na ji warin nan, leɓena nake shafawa.