Dishi-Dishi

"Wannan ma dishi-dishi yake ɗauka," na ce wa mai shago, bayan ya ɗaura wa kyamarata gilashi mafi tsada. "Ko dai wata kyamarar zan ƙara saya?"

Matata ta karɓa, ta duba hoton gwajin da na yi masa.

"Baban yara, wane dishi-dishi? Har furfurar gemun bawan Allahn nan ina gani."

Ta zare tabaraunta ta ɗora mini a hanci. Shagon ya washe tar, hoton ma haka.

Nan take na tuna. Ni gwanin gida, jiya na goge hotunan bikin kammala karatun 'yarmu kaf, wai ko ɗaya bai fito ba.