Falken Da Ya Kori Inuwa

Tunda ka ce masu katako sun taya itatuwan gonarka har ka zo neman shawarata, to gyara zama in ba ka wani misali. Ba zan ce ka sayar ko kada ka sayar ba, kai ma ba yaro ba ne, ga furfura nan ta fara leƙo maka.

An yi wani falken goro, mutumin arewa, wanda yawan zuwa kurmi ya sa ya ga gara ya zauna can gaba ɗaya. Ya sami fili a gefen wani ƙauye, ya gina ɗaki biyu a ƙarƙashin manyan itatuwa, irin waɗanda in ka ɗaga kai neman ƙarshensu sai hularka ta faɗi, sannan ya je ya ɗauko matarsa. Ita kuwa tana da ciwon fuka tun tana budurwa. A garinsu in ya taso mata, daga zaure kana jin ƙirjinta yana kuka. Amma da ta zo kurmi sai abin ya lafa. Tana daka, tana ɗebo ruwa a rafi, tana dariyarta har ƙasan ciki. Abin da ya rage kawai wani ɗan tari ne da takan yi da safe in raɓa ta sauka. To, wannan ɗan tarin shi ya hana mijin sakat, domin yana sonta ƙwarai, kuma ya tashi a gidan da aka yarda duk ciwon ƙirji sanyi ne, maganin sanyi kuwa rana. Ga shi jikan manoman gero, waɗanda ba su da abokin gaba irin inuwa a gona. Ya dubi gidan nan da rana ba ta leƙa shi sai ta take tsaka, ya ce ai ga cutar nan tsaye a kansu. Wani tsoho ɗan ƙasar, maƙwabcinsa, ya ce masa, "Baƙo, waɗannan sun girmi kakanka, ƙyale su." Falke ya yi dariya, ya ce mutanen nan zaman duhu ya bi jikinsu.

Ya fara da gatari, gatari ya gaza. Ya koma tara wuta a gindin itatuwan, tana cinsu a hankali har su faɗi. Da ya ga aikin ya fi ƙarfinsa sai ya kirawo masu injin yanka, su kuwa abin nema ya samu, suka fasa hanyar mota har ƙofar gidansa. Da maƙwabta suka ga masu injin suna biyan kuɗin itatuwa, kowa ya nuna nasa. Kafin 'yan shekaru wurin ya zama fili fetal, sai kututture da hayaƙin masu gawayi. Rana ta shigo yadda ya so, har ta wuce yadda ya so. Rafi ya ja baya, ɗan goron da ya dasa ya ƙone don bai saba da rana tsirara ba, kowace mota ta wuce sai ta bar musu jar ƙasa a tukunyar miya. Tarin safe kam ya tafi, wannan ba ƙarya. Fuka ce ta dawo, da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba.

Abin da bawan Allah bai sani ba, kuma da yawanmu ba mu damu mu sani ba, shi ne ganye ma numfashi yake yi, sai dai nasa a juye yake da namu. Iskar da muka gama da ita muka fitar, ita yake sha, ya mayar mana da wadda ke riƙe rai, ya tare ƙura, ya sanyaya gari. Yana wannan aiki kullum kuma bai taɓa aiko yaro karɓar lada ba, shi ya sa muka raina shi. Wallahi abin yana ba ni takaici.

Da ciwo ya tsananta ya kai ta asibitin birni. Aka sa mata roba a hanci, aka jona da wata doguwar tukunyar ƙarfe, nan da nan ƙirjin ya kwanta. Falke ya tambayi ma'aikaciyar wane irin magani ne a ciki haka mai saurin aiki. Ta ce, "Baba, ba magani ba ne, iska ce." Da aka sallame su suka dawo gida, babu tukunya sai mafici. Ya bar fatauci ya zauna a gefenta yana yi mata fifita, in dama ta gaji ya koma hagu. Wata ranar bazara da zafi ya kai maƙura, ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Malam, kai ni gindin rimin nan na bakin rafi in ɗan sha iska." Ciwo ya mantar da ita cewa babu rimin, shi da hannunsa ya sa masa wuta. Bai iya faɗa mata ba. Ya ce, "To, bari rana ta yi sanyi." Kafin rana ta yi sanyi ta cika.

Ba mugu ba ne mutumin nan, ka ji, ƙauna ce ta sa shi ɗaukar gatari, kuma ɗan tari kawai ya so ya raba ta da shi. Irin wannan ne Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.