Guɗa Daga Layin Baya

Da aka kira sunanta a bikin yaye ɗalibai, ta miƙe ta nufi dandamali. Shekararta hamsin da biyu, ukun ƙarshe ta yi su tana bitar tarihi da falsafa a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga unguwar Barking zuwa kwaleji. Yau ga digiri, amma zauren sai tafi mai sanyi.

Ta tuna ranar da 'yarta ta gama sakandare, yarinyar ta damƙe mata hannu: "Mummy, please, ban da guɗa. Kunya kike ba ni." Tun ranar ta haɗiye guɗarta.

Ta miƙa hannu ga takardar ke nan, sai wata guɗa ta tsaga zauren, a karkace, irin ta 'yar koyo. Ta waiga. 'Yarta ce tsaye, riƙe da hanci, hawaye na zuba.