Shahidin Gidan Gado

Masu haƙa masai ne suka ci karo da shi a gidan Gado, a Tsibiri: ƙasusuwa a jere, ko ɗaya bai karye ba, cikin ragowar farin ƙyalle. Sai dai babu kai, babu sawu.

Shekarar Konferans ce, babban taron ƙasa na kawo ƙarshen mulkin soja, lokacin da kowannenmu ya tuna ashe shi ɗan adawa ne tun yana goye. Gado kuwa ya yi shugaban Samariya, ƙungiyar matasan gwamnati, zamanin soja. Kafin azahar mun kewaye gidan, wasu har da kananzir.

Jandarmomi suka zo, suka auna ramin tsaye da kwance, suka aika Maraɗi a turo lokotoro, wato likita. Aka ce ana yajin aiki. Sai muka miƙa namu masanin, Maman Lawali, sakataren partinmu. Shekara tara ya yi yana wanke kwalabe a asibiti, ga shi ya san gidan ciki da bai, don nan ya tashi kafin gidan ya koma hannun Gado.

Ya ɗora tabarau. Ya ɗauki haƙarƙari ɗaya ya kara a ƙirjinsa. Ɗan koleji ne, in ji shi, kuma ɗan talaka, a dubi siririn ƙauri. An sare kan ne don kar a gane shi. Muka yi kuka sosai. Ni kam har na rantse na tuna marigayin, mai wushirya ne.

Aka sa wa Gado ankwa, yana ta rantsuwa ko kaza bai iya yankawa. Wa zai saurare shi? Jandarma na rubuta rapor, Maman Lawali na faɗa masa inda zai sa waƙafi.

Ana cikin haka sai ga Tsahara, tsohuwar ungozomar unguwa, tana ture mutane da sanda. Ta dubi ramin, ta dubi katanga, ta ƙirga taku uku.

"Kai, Maman Lawali, aje ƙashin nan."

"Inna, ja baya, aikin kimiyya ne."

"Kimiyyar gidanku! Ku kwance bawan Allah. Tsohonka ne ya hana a fasa ƙashi ko ɗaya, ya naɗe ya binne da hannunsa, wai don ka yi tsawon rai. Ragon sunanka ne, kan ma ni na cinye."